Surukina da Tutar da Aka Shuka

Daga Allah muka fito, wurinsa za mu koma, da wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Ranar Talatar da ta wuce Allah ya karɓi ran surukina, uban uwar 'ya'yana, a ɗakinsa na ƙasa, bisa tsohuwar tabarmar da ya hana a sake masa. Shekarunsa babu wanda ya san su daidai. Shi dai yakan ce ya riga hanyar mota zuwa garinmu.

Kwana uku muna zaune a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa. An zo daga Agiye, an zo daga Gazawa, danginsa na Cadakori ma sun iso. Kowa ya yi addu'a ya shafa, sai ya ɗan gyara zama ya kawo nasa labarin. Duk labarin kuwa ɗaya ne, na furen kampama.

Wani tsohon mushen lakol, wato malamin makarantar boko, ya ce, "Wannan bawan Allah jarumi ne. Lokacin da kowa ya kama bakinsa, shi da fure ya gaya wa gwamnati magana."

Ƙanen marigayi ya ce, "Wace magana? Yaya bai san siyasa ba. Mantuwa ya yi, ya haɗa iri."

Wata tsohuwa daga bayan zana ta ce ita ta sani, mutanen ɓoye ne na kampama suka juya launin don an sare musu tsamiya.

Sai liman ya juyo gare ni. "Kai da kake wurin ranar, mi ka gani?"

Na ce fitsari ya matse ni, na tashi. A shekaruna wannan uzuri ba ya ƙarewa, ba kuma mai musunsa. Da na dawo ta cikin gida, uwar 'ya'yana tana zaune cikin mata da carbi. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "In ka gama gudun, ka san abin da ya rage."

Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Wata bakwai na yi a lakol na tsere, sauran bokon a ajin tsofaffi na tsince shi, don haka wanda ya ga harafi ya kwanta ya tashe shi da kansa.

Surukina mai lambun kampama ne, wato gidan saukar baƙin gwamnati da ke bakin hanya, gabas da garinmu. Tun zamanin Nasara yake wurin. Matar wani kwamandan Nasara ce ta zo da furen cikin gwangwani, ta tafi ta bar shi, shi kuma ya riƙe. Ɗan tsiro ne da ba ya tashi sama, rarrafe yake a ƙasa, ganyensa ƙanana masu ruwa a ciki, dangin harshen saniya da ke fitowa a bola. Ba ya buɗe ido sai rana ta ɗaga, kafin azahar kuma ya rufe. Surukina yana kiransa ɗan hantsi. Iri ba ya ba shi wahala: ka karya reshe, ka soka a rairayi, kwana kaɗan ya kama. Fartanya ba ta zuwa kusa da shi. Da wata guntuwar wuƙa yake aiki, a tsugune, yana gunaguni kamar mai yi wa jika faɗa.

Ya taɓa yin rigima da wansa a kan furen nan, har suka yi damina guda ba sa cin tuwo tare. Wan ya ce abin kunya ne namiji mai gona ya ɓata yini a kan abin da ba a miya da shi, akuya ma sai ta rasa take ci. Surukina ya ce, "Gero na ciki ne. Ido fa, shi ba bawan Allah ba ne?" Wan ya ce Nasara ya tafi ya bar masa hauka. Da wan ya kwanta ciwon ajali, surukina ya kai masa fasasshiyar tukunya cike da ɗan hantsi, ya ajiye daidai ƙofa inda majinyaci zai gani. Ba wanda ya ce a ɗauke.

Ni kuwa tsoronsa nake tun ran da aka kai goron neman ɗiyarsa. Kun san yadda muke da surukai. Ba na kiran sunansa, ba na cin abinci inda yake, in na hango shi a hanya sai in cire takalmi in durƙusa, in kuwa da wata hanyar sai in bi ta. Maganarmu tasha uku take yi: ni in gaya wa matata, ta gaya wa innarta, inna ta gaya masa. Amsa ma haka take dawowa. Kuma na san abin da yake ɗaukata, don an taɓa kawo mini labari ya ce ɗiyarsa ta auri baki da ƙafafu.

Abin ya faru 'yan shekaru bayan an sauke tutar Nasara an ɗaga tamu. Yaran yanzu suna jin kamar kiɗa aka yi ta yi. An yi kiɗan, amma daga baya tsoro ya shigo. Akwai wata jam'iyya da aka hana, wadda ba a kiran sunanta ko cikin ɗaki. Ana ta raɗe-raɗin mutanenta suna ƙetaro iyaka daga kudu. Kamyo, wato babbar motar gwamnati, yakan tsaya a gari, a kira mutum, ya hau. Wani ya dawo, wani a yi ta jira. Ba sai ka yi wani abu ba, ya isa a ce an ga kamar ka yi. A kasuwa mutane sun koma zancen farashin gyaɗa da lafiyar jaki kawai.

Cikin wannan hali, da bazara, saƙo ya zo daga buro, wato ofishin gwamnati, cewa wani babba daga babban birni zai biyo rangadi, zai tsaya a kampama da hantsi ya sha ruwa. Sakataren buro ya zo duba wuri, ya ga furanni, sai dabara ta faɗo masa. Ya ce a shuka tutar ƙasa a gaban kampama, da fure. Surukina ya auna taki shida, ya ja layi uku. Sama ruwan goro. Ƙasa tsanwa, wato tsiron da yake tsinke wa kai don kada ya yi fure. Tsakiya fari, da ƙwallon rana na ruwan goro a cibiya. Farin shi ne mai wuya, don rassa uku kacal gare shi, da su ya yi ta karyawa yana sokawa har layin ya cika.

Saura sati uku, aka aiko yayarsa ta rasu a Cadakori. Dole ya tafi, ga shi ba shi da ɗa namiji. Saƙo ya biyo tasha uku ya same ni: in riƙa duba lambu, ƙwarya ɗaya ta ruwa ga kowane layi, bayan kwana uku-uku. Kada in ƙara.

Na ji sarai. Amma na ce a raina, kara ce tsoho yake yi mini. Wane suruki ne zai buɗe baki ya ce wa mijin ɗiyarsa ya yi ta jan ruwa da bazara? Ai in ya ce ƙwarya, tulu yake nufi, kunya ce ta rage. Ni manomi ne ɗan manomi, ban taɓa ganin shukar da ruwa ya yi wa laifi ba. Ga kuma damar da zan nuna masa ɗiyarsa ba baki da ƙafafu kawai ta aura ba. Rijiyarmu gaba ashirin ce. Tulu shida da safe, shida da yamma. Har kashin awaki na jiƙa na zuba, don alheri ya cika.

A kampama akwai wani gardi, wato dogarin gwamnati, da aka ajiye, ƙato mai jar hula, wanda ba ya amsa sallama sai da hanci. Yana zaune a inuwa yana kallona ina ta kai da kawowa. Rannan ya ce, "Tsohon ba haka yake yi ba." Na ce masa tsoho ƙarfinsa ya ƙare ne.

Rana ta shida na tarar farin layi ya kwanta. Shi ne a tsakiya, inda ƙasa ta ɗan faɗa, nan ruwan ke taruwa. Na taɓa reshe ɗaya, ya narke a hannuna kamar kuɓewar da ta kwana a tukunya. Gindin ya yi baƙi, yana wari. Wuri-wuri ya mutu, kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai na tuna abin da sakatare ya faɗa a gabana: in ya ga ƙasa tsirara cikin tuta, mu da jandarma. Na zauna a rairayi.

Matata tana da ciki wata bakwai a lokacin. Na gaya mata, ta dafe kai, can ta ce akwai irinsa cikin wata tukunya a bayan ɗakin innarta.

Na ce, "Wane launi?"

Ta ce, "Fari, ina ji."

"Kina ji, ko kin gani?"

"Da hantsi ina daka, zan tsaya kallon ciyawa? Je ka tambayi mai shi a Cadakori."

Inna ta karyo mana cike da faifai, ta ce duk ciyawa ce. Na soka su a gurbin waɗanda suka mutu, na daina ban ruwa kwata-kwata. Suka kama. Kore ya rufe ƙasa, ba ka bambanta sabo da tsoho. Na fara tafiya ina fito.

Kwana takwas bayan haka, da hantsi, na ga na farko ya buɗe. Ja ne, ja wur, kamar an yanka rago a kan farin zane. Na tsinke shi. Ina ɗagowa na ga gardi ya taso, sai na jefa a baki.

"Mi kake ci?"

"Goro, ranka ya daɗe."

"Ba ka san rabo ba?"

Na ce ragowar jiya ce, ta yi tsami. Tsamin kam ban yi ƙarya ba, ga yauƙi. Kashegari biyar suka buɗe. Jibi goma sha biyu. Kullum da hantsi ina tsugune kamar mai cire ciyawa, ina tsinka ina haɗiyewa, cikina yana kuka. In na tumɓuke su, ƙasa ta fito tsirara. In na bar su, jini a kan tuta. Kafin su buɗe kuma ban iya gane wane ne wane ba. Na rame cikin sati guda har mahaifiyata ta ce a nemo mini rubutu.

Surukina ya dawo ana gobe baƙo zai zo, bayan la'asar, fure duk ya rufe. Na ce wa matata ta gaya wa inna ta gaya masa: na kashe fari, na cike da na tukunya, ja ne, ya san abin yi. Matata ta ji nauyin kalmar kashewa, ta ce wa inna farin ya ɗan sami matsala an gyara. Inna ta ga mutum ya dawo daga makoki da ƙura a ƙafa, ta ce masa yaron ya yi ƙoƙari, lambu lafiya sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Duk da haka ya tafi kampama, ni kuma na bi shi daga nesa. Mun tarar an kewaye tutar da igiya, gardi uku a tsaye. Umurni ya zo kada kowa ya ƙetara, har mai lambu, don kada a binne wani abu. Surukina ya tsuguna daga wajen igiya, ya soka yatsa a ƙasa, ya shinshina. Ya daɗe yana kallon layin tsakiya. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, kamar da iska yake, "An sha wahalar jan ruwa."

Nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki. Taki uku ne tsakaninmu. Na cire takalmi, na durƙusa, na ce, "Sannu da hanya, Baba." Iyakar abin da ya fito ke nan.

Da safe gari duka ya fito. Makaɗa, mata da guɗa, 'yan lakol a jere, mai gari da rawani. An tsayar da mu kewaye da igiya tun rana ba ta yi zafi ba. Ni ina roƙon Allah ya kawo hadari, don ɗan hantsi ba ya buɗewa in babu rana. Hadari da tsakiyar bazara. Sama fes, ko tsuntsu babu.

Ruwan goro ya fara buɗewa, mutane suka yi ta murna. Ƙwallon rana ya fito. Fari ya biyo. Sai ja. Ɗaya a nan, uku a can, sai ga shi ko'ina cikin farin, ɗigo-ɗigo, kamar an yarfa da tsintsiya. Duk wanda na haɗiye sati guda, 'yan'uwansa suka fito rana ɗaya. Guɗa ta tsaya. Ganguna suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A bayana wani ya raɗa, "Jini." Kalmar ta zaga taron ba wanda ya ɗaga murya. Na ga mutane suna ja da baya daga igiyar a hankali, kowa yana neman wanda zai tsaya a bayansa.

Motoci suka iso. Babban ya fito, ya ɗaga hannu, ya dubi tutar, ya faɗi wani abu da Faransanci, ya shiga ya sha ruwa, ya fito ya wuce. Har yau ban sani ba ko ya lura. Amma kamyo ɗaya bai bi su ba. Sakatare ya dawo wurin igiya da babban gardi, don shi ma da wanda zai tambaye shi.

"Wa ya shuka wannan?"

Sai gardin nan mai jar hula ya nuna ni da haɓa. "Wancan ne ke nan sati uku. Kullum yana tsugune a tsakiya."

Ba zan yi muku ƙarya ba, wandona bai tsira ba. Ina jin idon gari duka a wuyana, ina ganin bayan kamyo a buɗe.

Surukina ya tako gaba. Ya ce, "Ni ne mai lambu. Wannan ko gero bai iya shukawa a jere ba, ruwa kawai na sa shi ja, kamar jaki. Ni na haɗa iri. Idona ya fara tsufa."

Sakatare ya ce, "Ka san abin da ja cikin fari ke nufi?"

Ya ce, "Na san fure ne. In akwai wani abu, ku kuka yi lakol."

Aka ce ya hau. Ya hau da kansa, ba wanda ya taɓa shi. Kamyo na tashi ya ce, ba da kowa ba, "A gaya wa mutanen gida su ɗaure akuyar nan, tana shiga gonar mutane." Ni ina tsaye. Ina kallo kamyo ya tafi da shi. Kafin azahar gardi sun bi tutar da fartanya.

Kwana goma sha tara ya yi. Ban taɓa sanin yini yana da tsawo haka ba. Da na ji ƙarar mota daga nesa sai in faɗa rumbu in ja murfi, in zauna cikin gero ina lissafi: yau sun matsa masa, yau ya faɗi sunana. Sau ɗaya na yini a ciki, ashe injin niƙa ne ake gwadawa. Maƙwabta suka daina biyowa ta ƙofarmu. Matata tana ajiye mini tuwo ba ta dubana. Inna ba ta zage ni ba, ta dai daina amsa gaisuwata da suna, sai da kai. Sau biyu na ɗaura niyyar zuwa buro in faɗi gaskiya. Na farko na kai bakin kasuwa. Na biyu ban kai ba.

Ran na ashirin ya sauko daga motar gyaɗa, ya rame, yana tafiya a karkace. Kunnensa na hagu ya mutu, bai sake ji da shi ba. Abin da aka yi masa a can bai gaya wa kowa ba, har inna. Aikin kampama ya ƙare. Ya koma gonarsa, ya tara fasassun tukwane a bayan ɗaki ya ci gaba da ɗan hantsinsa, ja da fari da ruwan goro duk a haɗe. Wanda ya tambaye shi labari sai ya juya masa mataccen kunnen.

Ni bai taɓa ce mini komai ba. Sai dai da 'ya'yana suka fara wayo, in sun je gaishe shi yakan ce, "Ina ubanku, Sarkin Ruwa?" Yara suna dariya, suna tsammani don ina son wanka ne. Ni kuwa duk ran da suka kawo mini gaisuwar nan, abinci ba ya shiga. Shekara arba'in ina jiran ranar da zai faɗa a gaban mutane. Ranar suna, ranar ɗaurin aure, duk inda ya yi gyaran murya sai gabana ya faɗi.

Sati biyu kafin rasuwarsa, bayan azahar, na tarar da shi shi kaɗai a ɗaki. Na cire takalmi na shiga. Na duba da kyau, na zauna ta hagunsa. Na faɗi komai, tulu goma sha biyu, kashin awaki, tukunyar bayan ɗaki, furen da na ci. Na roƙi gafara a hankali, cikin kunnen da na san ba ya ji. Na ji sauƙi, na fara tashi.

Ya ce, "Zagayo ta nan ka sake. Na ga bakinka na motsi."

Na zagaya. Na sake daga farko. Ya saurara ido rufe. Da na kai wurin cin fure, ƙirjinsa ya yi ta girgiza, na ɗauka tari ne, ashe dariya ce.

Na ce, "Baba, mi ya sa ka ce kai ne?"

Ya ce, "Kada ka ɗauka don kai na yi. Ɗiyata na da tsohon ciki. Kuma kai, da kai suka ɗauka, kafin su taɓa ka ka lissafa musu garin nan kaf, har liman. Ni kunne ɗaya na bari a can. Kai da rabin gari za ka bari."

Na ce gaskiya ne.

Ya ce, "To, na yafe. Tashi ka ba ni wuri, ka tare mini iska."

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka da kunne ɗaya. Ka san inda ya bar ɗayan, ka san kuma saboda wa. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka sa ya ji kiran rahama da duka biyun. Wanda ya karanta wannan ya yi masa Fatiha. In ta yi saura, a sammini.